Wasan Da Ya Koma Gandu

A unguwar Dubeli ta Jimeta, ba nisa da bakin Kogin Binuwai, akwai wani saurayi mai gyaran waya wanda ya yi shekara 2 cur yana zubin adashi domin ya mallaki na'urar wasa ta PlayStation 4, ta hannu ma ba sabuwa ba. Ranar da ya shigo da ita gida a cikin kwali, yaran layi har ta taga suka riƙa leƙe, shi kuwa bai runtsa ba sai da aka yi kiran assalatu. Yau wata 5 ke nan na'urar tana bisa tebur a lulluɓe da tsohon ɗankwalin mahaifiyarsa, ƙura ta hau ta, alhali kuwa ba abin da ya lalace a jikinta. Ƙanensa, wanda ke aji biyu a sakandare, kullum sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hamma, in ka gaji da ita ka ba ni mana." Shi kuma amsarsa guda ce: "Bari tukuna, akwai wasan da ban ƙarasa ba, gobe zan zauna masa." Goben nan har yanzu ba ta waye ba.

Ba wai bai gwada ba ne. Yakan dawo daga shago bayan isha'i, in an yi sa'a akwai wuta, ya yaye ɗankwalin, ya kunna, ya zuba wa jerin wasanninsa ido kamar majiyyacin da aka jera wa kwanuka. Ya shiga ɗaya, ya hau doki ya yi sukuwar minti 10 a cikin wani daji mai kyaun gani, sai ya ji barci na fizgarsa, ya kashe, ya koma yana latse-latsen waya har tsakar dare. Dadarsa murna take yi, ta ce addu'arta ce ta ci. Abokansa na majalisa suka ce tsufa ne ya sallama masa. Shi kuwa abin da yake ji a ransa ya fi kama da rashi, domin abin da ya ɗebe masa kewa tun yana ɗan shekara 10 ya juya masa baya ba tare da sun yi faɗa ba. Kuma ba shi da bakin faɗi, gama a zamanin da magidanta ke fama da kuɗin masara, wa zai tsaya sauraron ƙato yana kukan wasa ya fita ransa?

Ire-irensa suna da yawa a Jimeta da Yola da sauran garuruwan ƙasar nan, don haka maganar ta isa a zauna mata. Amma kafin a yi nisa ya kamata a yi wa dattawa ɗan bayani, saboda a wurinsu duk abin da yaro ya riƙe yana dannawa a gaban telebijin gem ne, alhali kuwa gem suna suka tara. Akwai na ƙwallon ƙafa, wanda shi ne ya cika gidajen gem, mutum biyu su kara minti 10 a tashi. Akwai na dambe, akwai na tseren mota. Wanda ake magana a kansa yau shi ne wasan kasada, watau wanda ake ba mutum jarumi guda da labari, a sake shi cikin wata duniya, ya yi ta tafiya yana buɗe ƙofofi, yana warware wuyar da aka gindaya masa, har ya kai ƙarshen labarin. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, littafin da ya fito a 1934, ya riga ya san fasalin abin: mutum ya bar gida neman wani ruwa, ya faɗa wannan gari ya tsallake wancan tarko. Bambancin kawai shi ne a nan mai karatu shi ne Alhaji Imam ɗin, in ya yi sakaci Malam Zurƙe ya yi masa wayo.

Asalin wannan irin wasa ma abin a sani ne, don a cikinsa maganin yake. A wajen 1976 wani masanin kwamfuta a Amurka, Will Crowther, wanda sha'awarsa ita ce shiga kogunan dutse, ya rubuta wani wasa bisa fasalin kogon Mammoth na jihar Kentucky, domin 'ya'yansa mata su yi wasa da shi bayan aurensa ya mutu. Babu hoto ko ɗaya a ciki, rubutu ne zalla. Kwamfuta ta gaya maka kana tsaye a wuri kaza, kai kuma ka rubuta mata kalma biyu, ka ce ɗauki fitila, ko shiga rami. A 1977 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford, Don Woods, ya faɗaɗa shi, ya bazu a jami'o'i, har sunansa ya zama sunan dukan dangin wasannin. Haka kuma Shigeru Miyamoto na ƙasar Japan, wanda ya fito da The Legend of Zelda a 1986, ya sha ba da labarin yadda yana yaro a ƙauyen Sonobe ya tarar da bakin wani kogo, ya yi ta jin tsoro, daga baya ya ɗauko fitila ya shiga. Abin da mutanen nan biyu suka sayar wa duniya ke nan, bugun zuciyar yaro a bakin ramin da bai san abin da ke cikinsa ba. Ran da wannan bugun zuciya ya tafi, ko da hoton ya fi na silima kyau, sauran abin dannawa ne kawai.

Samarin Jimeta da ke tsakanin shekara 25 da 35 a yau sun san wannan bugun zuciya, domin su ne yaran zamanin PlayStation 2, wadda ta fito a 2000 ta kuma kwashe shekaru tana mulkin gidajen gem. Masu son kasada a cikinsu ba su da yawa, kuma mai gidan gem ba ya maraba da su da yamma, saboda mutum ɗaya zai tare telebijin guda na tsawon lokaci alhali 'yan ƙwallo suna layi. Saboda haka sai da rana tsaka suke zuwa, lokacin da zafin Yola ya kori kowa. Yaro ya tara canjin aike na kwana 3 ya sayi rabin sa'a ta Grand Theft Auto: San Andreas, wanda ya fito a 2004, ko God of War na 2005, yara shida suna tsaye a bayansa kowa na ba da shawara, wannan ya ce bi ta hagu, wancan ya ce ja wancan ƙarfe. Yawancinsu ba su jin Turancin da ake yi a ciki, labarin da kansu suke ƙaga shi. In aka ɗauke wuta kafin a adana inda aka kai, an koma farko ke nan, a yi salati a watse, gobe a dawo. Wahala ce, amma wahalar ita ce gishirin. Yaro yakan kwana yana juya ƙofar da ta gagare shi a cikin kansa, ya tashi da dabara.

To, me ya sauya? Abu na farko, wasannin ne suka kumbura. God of War na 2005 mutum yana iya gama shi cikin sa'a 10 ko kusa da haka. Assassin's Creed Valhalla, wanda kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a 2020, labarinsa kaɗai yakan ci wajen sa'a 60, wanda kuma ya ce sai ya share kome to ya shirya wa fiye da sa'a 100. Dalilin kumburin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin yin wasa ya yi tsada, farashinsa ya hau, kamfani yana so mai saye ya ga kamar ya sami kaya da yawa, yana kuma so ya daɗe a ciki domin a sayar masa da riguna da takubba da ƙarin labari. Tun da yake ba wanda zai iya ƙaga abin mamaki na sa'a 100, sai a ƙaga na sa'a 10 a yi ta maimaita shi. Ka hau hasumiya, taswira ta buɗe, alamomi su fito birjik kamar ƙyanda, kowace alama aike ce: kashe 'yan tsaron wancan sansani, tsinto gashin tsuntsu goma, kai wa wance saƙo. Ka gama ka matsa gaba, ka tarar da wata hasumiyar da waɗansu alamomin irin na baya sak. An riga an rubuta wa mutum abin da ke cikin kogon tun kafin ya kunna fitila. Saurayin Dubeli da ya yini yana kwance wayoyi yana ɗaurawa, ya dawo gida ya tarar da wani jerin aikin yana jiransa a telebijin, ina laifinsa in ya yi barci?

Abu na biyu ya fi wannan dabara, kuma a waya ya fi yawa. Wasanni irin su Free Fire na 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty: Mobile na 2019, ba na kasada ba ne a asali, amma su ne suka koya wa matasa wata sabuwar ɗabi'a wadda ta yaɗu ko'ina. Ka leƙo yau a ba ka tukuici, ka leƙo gobe a ƙara maka, ka yi fashin kwana ɗaya lissafi ya koma baya. Ana kasa shekara zango-zango, kowane zango da kyautarsa wadda in ta wuce ta wuce. Mutum sai ya wayi gari yana shiga wasa domin tsoron hasara, ko yana sha'awa ko ba ya yi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin abin da wannan ke haifarwa. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka yi wani gwaji da yara 'yan shekara 3 zuwa 5 a makarantar renon da ke Jami'ar Stanford. Suka zaɓi yaran da ke son zane da alƙalamin launi don kansu, suka yi wa waɗansu alkawarin takardar yabo mai tambari in sun yi zane, waɗansu kuwa ba a yi musu alkawarin kome ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye alƙaluman a aji ba tare da maganar kyauta ba. Yaran da aka yi wa alkawari a baya sai suka yi zane na kusan rabin lokacin da sauran suka yi. Watau lada ta cinye sha'awa. Manomin Hausa ba ya bukatar Bature ya gaya masa wannan. Saurayi yana noma a gandun gida da safe, ya koma gayaunarsa da la'asar. Fartanya ɗaya ce, ƙasa ɗaya ce, amma a gandu yana duban rana yana jiran a tashi, a gayauna kuwa sai duhu ya kore shi. Wasan kasada gayauna ce tun asali. Masu sayar da shi suka kafa masa lokacin fita da adadin kunya, suka mai da shi gandu, sa'an nan ana mamaki don yaro yana duban rana.

Akwai wani abin lura a cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda aka amince da shi a watan Mayu na 2019 ya kuma fara aiki a Janairun 2022. A cikinsa an sa jarabar wasan gem a jerin larurori. Alamominta su ne mutum ya kasa kame kansa, ya fifita wasa bisa sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, galibi har tsawon wata 12. Wannan shi ne abin da iyaye suka fi ji, shi suke tsoro. Amma a cikin kundin nan guda akwai wani bayani dabam, na abin da Turawa ke kira da wata kalma mai ma'anar ƙonewa ƙurmus, kamar lagwanin da mai ya ƙare masa. Wani masani a birnin New York, Herbert Freudenberger, shi ya yayata kalmar a 1974, bayan ya lura da yadda masu aikin sa kai a asibitin 'yan ƙwaya ke farawa da zafi su ƙare a lanƙwashe. Hukumar ta ce alamominsa uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har ta tsane shi, hannu kuma ya daina kyau. Sa'an nan ta ja kunne cewa ba cuta ba ce, kuma a wajen aiki kaɗai ya kamata a yi amfani da kalmar. To ga shi samari a ko'ina cikin duniya sun ɗauki kalmar ma'aikata suna kwatanta abin da wasa ya yi musu, kuma alamomin sun zauna daram. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan abin da wasan ya koma.

Ƙosawar nan kuwa ba yau aka fara ta ba, har ƙasa guda ta taɓa yin ta gaba ɗaya. A farkon shekarun 1980 kamfanoni a Amurka suka cika kasuwa da wasanni barkatai, yawancinsu kwaikwayon juna. Jama'a suka gundura suka daina saye. Cinikin da ya kai wajen dala biliyan 3.2 a 1983 ya faɗo zuwa kimanin dala miliyan 100 a 1985. A watan Satumba na 1983 kamfanin Atari ya kwashi kayan da suka yi kwantai a manyan motoci ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, cikinsu har da wasan E.T., wanda shi ma na kasada ne, an kuwa haɗa shi cikin mako 5 don a riski kasuwar Kirsimeti. Mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce sai da aka tone wurin a Afrilun 2014 aka ga kayan. Da Nintendo ta zo ta farfaɗo da kasuwar daga 1985, ɗaya daga cikin sharuɗɗan da ta gindaya wa kamfanonin da ke yi mata wasanni shi ne kada kowanne ya wuce guda 5 a shekara. Ragi ne ya warkar da abin da ƙari ya kashe.

Su kansu masu ƙera wasannin ba su tsira ba. A Oktoban 2018, ana gab da fitar da Red Dead Redemption 2, wanda shi ne wasan dokin da ke sa saurayin Dubeli barci, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin Rockstar, Dan Houser, ya faɗa wa wata mujalla cewa sun yi makonni suna aikin sa'a 100 a mako. Da surutu ya yi yawa ya ce shi da manyan marubuta 'yan kaɗan yake nufi. Ko ma dai yaya ne, gajiyayyu ne ke dafa wa gajiyayyu. Kamfanin Ubisoft ma da ya ga koke ya yi yawa a kan tsawon Valhalla, sai ya fito da Assassin's Creed Mirage a 2023, labarin Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, har da muryoyin Larabci, wanda ake gama labarinsa a ƙasa da sa'a 20.

Amma adalci shi ne kada a ɗora wa kamfanoni laifin duka, domin mai wasan ma ba shi ne na jiya ba. Yaron da ke da lokaci ba kuɗi ya zama saurayi mai 'yan kuɗi ba lokaci. Wasan kasada yana son a tuna inda aka kwana, wane ne maƙiyi, wane maɓalli ke buɗe wace ƙofa. Wanda ke samun sa'a ɗaya a mako, rabinta a tuna baya take tafiya. Ga kuma lissafin aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 a cikin 2024, tayar da janareta domin wasa ya zama abin da mutum zai yi yana jin kunyar kansa. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100, ga shi kuwa wasannin yanzu ba su rabuwa da neman a sauko musu da gyara daga intanet kafin su buɗe. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Yola ke wuce digiri 40, na'urar kanta huci take yi kamar injin niƙa. Mutum yana wasa yana lissafin mai, yana lissafin data, yana tuna kuɗin sadakin da bai haɗa ba. A haka wane kogo ne zai ba shi tsoro? Har wa yau, yara shidan nan da ke tsaye a bayansa sun watse, wani yana Abuja, wani yana tuƙa keke, wani ya yi aure. Ya sayi na'urar da ya yi mafarki, ya shige ɗaki shi kaɗai, ashe rabin daɗin a bakin 'yan kallo yake.

Me ya kamata wanda abin ya sama ya yi? Mafi wuya shi ne na farko, watau ya yarda cewa wasa ba bashi ba ne. Abin da ke tsare saurayin Dubeli a tsakiya, ya kasa yi ya kasa bari, shi ne adashin shekara 2 da sa'a 40 da ya riga ya zuba a wasan da bai ƙarasa ba. Yana ganin in ya bari ya yi hasara. Amma kuɗin sun riga sun tafi ko ya ƙarasa ko bai ƙarasa ba, abin da ya rage a hannunsa shi ne darensa na yau, shi kuma yake ƙara zubawa a rami. Wanda ya sayi rake ya tarar da rabinsa ya bushe ba ya tauna ɓawon don ya fanshe kuɗinsa. Kamfanonin da kansu sun san yawancin masu saye ba su kai ƙarshen dogayen wasanni, suna gani a lissafinsu, ba su kuwa taɓa aiko wa kowa sammaci ba.

Bayan wannan sai hutu na gaskiya, wanda aka yi da niyya, mutum ya ce daga yau zuwa bayan salla ba ni ba gem, ya cire waya daga bango, ya kashe sanarwar da wasannin waya ke aiko masa da tsakar dare. Hutun da ake yi ana jin laifi, ana yaye ɗankwali ana mayarwa, ba ya hutar da kowa. Waɗansu sha'awar takan dawo musu bayan wata biyu ko uku, kuma in ta dawo gara a tare ta da ɗan abu kaɗan. Akwai wasanni gajeru da aka yi domin a gama su a zama ɗaya, kamar Journey na 2012, labarin matafiyi a cikin hamada ya nufi wani dutse, babu magana ko ɗaya a ciki, sa'a 2 ta ishe shi. Wanda kuma ya koma wa dogayen, yawancinsu suna da wurin da ake kashe alamomin taswira, mutum ya bi labari kawai ya ƙyale tsince-tsincen gashin tsuntsu. Wasa ɗaya a lokaci ɗaya, domin mai loda wasanni 30 a na'ura don an ba shi da araha a kasuwa, ya sayo wa kansa ruɗu ne. In da hali kuma a dawo da 'yan kallo, a fito da telebijin zaure ran Asabar, a riƙa miƙa wa juna.

Waɗansu kuwa ba za ta dawo ba, wannan ma ba abin makoki ba ne. Dattawan da ke karanta wannan shafi sun yi langa, sun yi tashe, sun kwana sauraron Gizo da Ƙoƙi, ba wanda ya tuna ranar da ya yi na ƙarshe. Sai dai akwai hatsari guda biyu da ya wajaba a faɗa. Na farko, gurbin da wasa ya bari ba ya zama fanko. Shagon cacar ƙwallo yana nan a bakin titi, yana ma cikin waya, kuma da irin ƙugiyar tukuicin nan yake kamu, sai dai shi kuɗin gaske yake ci. Saurayin da ya bar gem ya koma can, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Na biyu ya fi nauyi, iyaye da 'yan'uwa su ya fi shafa. In gem kaɗai ya fita ran yaro, yana cin abincinsa, yana zuwa aikinsa, yana dariya a majalisa, to ƙosawa ce, ba kome. Amma in ya bar gem, ya bar ƙwallo, ya bar abokai, abinci ba ya yi masa daɗi, barci ya rikice, ya shige ɗaki ya yi shiru har mako 2 ko fiye, wannan alama ce ta ciwon damuwa wanda likitoci suka sani suke kuma magani. Uwar da ke murna ɗanta ya shiryu don ta daina jin ƙarar telebijin, ya kamata ta leƙa ta ga ko yana cin tuwon da take aika masa. Sau da yawa abin da yaro ya fi so shi yake fara saki, kuma da yake abin nan gem ne, gida sai a yi hamdala a wuce.

Saurayin Dubeli dai yana cin tuwonsa, har da neman ƙari. Ran Jumma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ƙanen ya sake tsayawa a bakin ƙofa, bai ma kai ga buɗe baki ba wan ya ce masa, "Ɗauki, amma a zaure za ka kafa ta, kuma sai Asabar da Lahadi, in Dada ta kira ka ka ajiye." Yaron ya sungumi na'urar har yana tuntuɓe da waya. Washegari da la'asar yara biyar suka cika zauren, aka fara wasan dokin daga farko, aka goge sa'a 40 ɗin da wan ya tara bai ce uffan ba. Ya fito zai tafi shago, ya tsaya a bayansu riƙe da makullinsa, ya ga yaron ya nufi wani kwazazzabo da doki a guje. Ya yi kamar zai wuce, sai aka ji ya ce, "Kai, ja linzami, bi ta hagu!"